Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Kwalkwali da Garkuwar Takarda Daga Zanen da Aka Buga

Shekara huɗu ke nan ina koya wa ɗalibai haɗa kayan wasan kwaikwayo da takarda a wata ƙaramar makarantar sakandare da ke ƙauye a ƙasar Ringim, kuma a tsawon wannan lokaci tambayoyin da ake kawo mini kusan iri ɗaya ne, ko daga ɗaliban, ko daga iyayensu, ko daga malaman wasu makarantu da suka ga kayanmu ranar bikin raba kyaututtuka. Aikin shi ne a samo zane a intanet wanda aka warware siffar hula ko garkuwa ko takobi a cikinsa zuwa ƙananan gutsattsari, a buga shi a takarda mai kauri, a yanka, a ninka, a manna, har siffar ta tashi a iya sa ta a ka. Na kira hular da sunan kwalkwali ne domin shi ne sunan da muka gada na hular yaƙin da mahaya ke sawa a hawan salla, ko da yake yawancin zanen da ake samu na mayaƙan wasu ƙasashe ne. Abin da na fi so mai farawa ya riƙe shi ne, mafi yawan ɓarnar da ake yi a wannan aiki ana yin ta ne tun reza ba ta taɓa takarda ba, wato a wajen awo da wajen bugawa, shi ya sa na fara da su kuma na daɗe a kansu.

Na gama haɗa kwalkwalin, amma ya ƙi shiga kaina. Ina kuskuren yake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ciwo, domin ba a gano matsalar sai bayan an kwashe kwanaki ana yanka ana mannawa. Wanda ya zana kwalkwalin ya auna shi ne da nasa kan ko da kan wani da ba ka sani ba, saboda haka babu dalilin da zai sa ya zo daidai da naka in ba ka daidaita shi ba. Ka ari tef ɗin tela ka auna kewayen kai ta saman gira da saman kunnuwa. Kan babban mutum yakan faɗa tsakanin santimita 54 zuwa 60, na yara kuwa ƙasa da haka. Amma kewaye kaɗai ba ya isa, tunda kai ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya fiye da daga kunne zuwa kunne. Ka jingina da bango, wani ya ɗora littafi a kwance a tsakiyar kanka ya yi alama, ya sake yin wata alamar daidai haɓa, tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsayin kai. Faɗi kuma ana samunsa idan aka tsayar da littattafai biyu masu tauri, ɗaya a jikin kowane kunne, aka auna tsakaninsu. A kan kowane awo ka ƙara santimita 2 zuwa 3, saboda soson da za a liƙa a ciki da kaurin da abin ƙarfafawa zai ƙara daga baya.

Daga nan sai lissafi. Idan zanen ya nuna tsayin kwalkwalin santimita 30 ne, kai kuma 26 kake bukata, sai ka raba 26 da 30, ka sami kusan 0.87, ma'ana a buga maka zanen a kashi 87 cikin 100. Sai dai a kula, tsayin da ake rubutawa yakan haɗa har da tuntu ko ƙahon da ke saman hular, kuma wanda bai cire wannan daga lissafinsa ba, to zai ƙare da hular da ba ta wuce kan jariri ba. Kafin ka sayi kati, wato takardar nan mai kauri, ko guda, ka buga shafukan da ke ɗauke da bakin kwalkwalin kaɗai a farar takarda mai araha, ka haɗa su da salatif, ka zura kanka ka gani ko hanci da kunnuwa sun wuce. Wannan gwaji ba ya cin fiye da awa ɗaya.

Wanda ya riga ya gama kuwa, idan ƙarancin kaɗan ne, yana iya tsaga bayan hular daga ƙeya zuwa sama ya ƙara tsiri na kati. Idan yawa ta yi, soson tsohuwar katifa zai cike gurbin.

Me zan faɗa wa mai shagon kwamfuta don kada ya ɓata mini girman zanen?

Ka ce masa ya buga a ainihin girma, wato kashi 100 ko adadin da ka lissafa, kuma kada ya bar zaɓin da ke cewa Fit to page, wanda shi ne ke rage zane ko ya ƙara shi domin ya cika shafi. Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne, takardar da muke amfani da ita a Najeriya A4 ce, mai faɗin milimita 210 da tsayin 297, alhali zane da yawa an tsara su ne a kan takardar Amurka mai faɗin milimita 216 da tsayin 279. Idan kwamfuta ta matse na Amurka domin ya shiga A4, takan rage shi da kusan kashi 3 cikin 100, ko fiye idan ta bar gefe. A ido wannan ba ya ganuwa, amma a kewayen kai na santimita 58 ya kusa cinye santimita 2, kuma wannan ya isa ya hana hula shiga.

A shekarata ta farko mun shirya wasa a kan hawan salla, na kai zane wani shago a cikin gari aka buga mini shafi tara, sai wuta ta ɗauke. Washegari wani yaron shagon daban ya ƙarasa sauran, ban kuwa tsaya a kansa ba. Da muka zo haɗawa, wata ɗaliba ta ɗaga gutsure biyu masu lamba ɗaya ta jera su a hasken taga, ta ce, “Malam, wannan ya fi wannan tsawo.” Muka aza rula, sai ga bambancin milimita 3 a layin santimita 10. Dukkan shafukan rana ta biyu sai da aka sake su. Tun daga ranar nake buga zane gaba ɗaya a zama ɗaya, a firinta ɗaya, kuma nakan tafi da rula in auna layi guda a shafin farko da abokinsa a shafin ƙarshe kafin in biya kuɗi.

Fotokwafi ma yakan ɗan canja girma, don haka idan za a yi wa ɗalibai da yawa, kowane yaro ya sami shafukansa duka daga inji ɗaya. Idan akwai zaɓi, firinta mai garin tawada ta fi mai tawadar ruwa, domin ta ruwan tana zuba da zarar gam ko gumin hannu ya taɓa ta, lambobin da ke bakin gutsattsarin su shafe. Wanda lissafinsa ya wuce kashi 100 kuma ya nemi a buga masa a A3, in ba haka ba gefen gutsattsarin zai yanke.

An turo mini zanen, amma ya ƙi buɗuwa a wayata.

Ka duba ƙarshen sunan fayil ɗin. Idan PDO ne, na manhajar Pepakura ne, wadda kamfanin Tama Software na ƙasar Japan ya yi, kuma a kwamfuta mai Windows take aiki. Ana sauke ta kyauta domin dubawa da bugawa. Amfaninta shi ne tana nuna hular a tsaye ana juya ta, kuma idan ka danna wani sashe sai ta nuna maka gutsurensa a shafi. Wanda ba shi da kwamfuta a kusa ya nemi zanen a PDF, wanda kowace waya ke buɗewa.

Wace irin takarda ta dace?

Farar takardar da ake buga wasiƙa da ita nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, kuma ba ta iya riƙe kanta, da gam ya taɓa ta sai ta yi laushi ta yamutse. Abin da ya dace shi ne kati mai giram 160 zuwa 200, irin wanda ake buga takardar shaida ko katin gayyatar biki da shi. Idan ka ga bayanin zanen ya ambaci 110 lb, awon Amurka ne, kuma ya yi daidai da kusan giram 200. Abin da ya haura 250 yana wahalar ninkawa a ƙananan gutsattsari, firinta da yawa ma ba sa iya jansa. Ka guji kati mai sheƙi, domin farin gam ba ya kama shi sosai.

Kati ya yi mini tsada, kuma a ƙauyenmu ba a sayar da shi. Zan iya amfani da kwalin taliya?

Za ka iya, kuma ga garkuwa da manyan sassa masu faɗi ma kwalin ya fi kati. Ka buga zanen a farar takarda, ka shafa gam siriri a jikin kwalin, ka shimfiɗa takardar daga tsakiya zuwa gefe da tafin hannu domin iska ta fita, sannan ka danne da wani abu mai nauyi har ya kwana. Abin da ke canjawa shi ne kauri. Zanen an yi shi ne da zaton takardar ba ta da kaurin a zo a gani, saboda haka idan aka ɗora kwali a kan kwali a kowace mahaɗa, kaurin zai taru ya gurɓata siffar. Mafita ita ce a yanke kunnuwan mannawa, wato 'yan leɓen da ke bakin gutsure waɗanda ake shafa wa gam, gaba ɗaya, a haɗa baki da baki, a liƙe ta ciki da tsirin takarda da gam. Ga kwalkwali mai lanƙwasa da yawa, siririn kwali irin na sabulu ko na ganyen shayi ya fi mai rami a tsakiya sauƙin sarrafawa.

Mene ne ma'anar layukan ɗigo-ɗigo da lambobin da ke bakin kowane gutsure?

Layin da ya miƙe ba tsinkewa na yanka ne. Masu tsinkewa na ninki ne, kuma iri biyu ne: akwai ninkin tudu, inda layin ke tasowa sama kamar kunyar gona, akwai kuma ninkin kwari, inda layin ke nutsewa kamar tsakanin kunya biyu. A al'adar masu ninkin takarda, gajerun layuka zalla kwari suke nufi, layi da ɗigo a cakuɗe kuma tudu, amma masu zane sukan canja, don haka a duba bayanin da ke shafin farko. Lambobin kuwa abokan juna suke nema, bakin da aka rubuta 47 yana haɗuwa da ɗaya bakin mai 47, ɗayansu yana da ɗan kunnen da ake shafa wa gam a cusa shi ƙarƙashin ɗayan.

Idan mutum ya juya dukkan ninkin, tudu ya zama kwari, abin zai haɗu amma zai fito kamar a madubi. A kwalkwalin da damansa da hagunsa iri ɗaya ne wannan ba ya cutarwa, wasu ma da gangan suke yi domin lambobin su ɓuya a ciki. A sulken hannu kuwa na dama ne zai koma na hagu. Abin da ke ɓata aiki shi ne a juya rabi a bar rabi.

Ninkina ba ya miƙewa, wani lokaci ma katin yakan tsage.

Ba a ninka kati haka kawai, sai an fara kartar layin. Ka sami biro wanda tawadarsa ta ƙare, ka aza rula a kan layin, ka ja biron da ɗan ƙarfi sau ɗaya ko biyu, za ka ga katin ya karye daidai wurin da kansa. Ya fi sauƙi a karci dukkan layukan shafi tun kafin a yanka shi, lokacin da yake da faɗin riƙewa. Wanda ya yi amfani da bayan reza ya sassauta hannu, domin tsagewar daga nan take zuwa. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai, kati yakan yi ƙarau ya riƙa fashewa a ninki, kuma na ga yana taimakawa idan aka ajiye shi ya kwana a ɗakin da randa take.

Wajen yanka, reza mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, domin dakusasshiyar ce ake dannawa da ƙarfi har ta zame. A naɗe gefe ɗaya na rezar da salatif, a yi yankan a kan tayil ko guntun gilashi mai kauri ko katako mai laushi, kuma yatsun da ke riƙe rula su kasance a bayan bakinta. Yaran firamare almakashi kawai nake ba su.

Wane gam ne ya fi, kuma me ya sa nawa yake saki?

Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne na fi yarda da shi, domin yana ba da ɗan lokacin da za a gyara zaman gutsure kafin ya kama, kuma idan ya bushe ba ya karyewa. Kuskuren masu farawa shi ne yawan shafawa. Gam mai yawa ruwa ne mai yawa, yana jiƙa katin, kunnen ya riƙa zamewa. Ka zuba kaɗan a murfin kwalba, ka ɗebo da tsinken ashana, ka shafa har kunnen ya yi ɗan sheƙi kawai, ka matse da yatsu biyu ka ƙirga talatin a zuci. Abin maƙale shanya yana riƙe mahaɗa mai taurin kai yayin da kake aiki a wani wuri.

Sufa gulu yana kamawa nan take, wanda ke nufin kuskure ma nan take yake zama, ga shi yana manne yatsu, saboda haka na ware shi ga ƙananan wuraren da suka saki bayan an gama. Ɗalibai sukan tambaye ni game da ƙaro, tunda muna da shi a Jigawa kuma iyayenmu sun yi amfani da shi a tawada da manna takardu. Yana kama takarda da kyau, amma ruwa yana narkar da shi ko bayan ya bushe, don haka gumin kai ko danshin damina yakan sa ya saki. Kunun fulawa ko na sitaci kuwa yana da amfani a wajen shafe jiki da jarida, amma yana kiran gara da kyankyaso da ɓera, kuma yana yin funfuna a watan Agusta idan bai bushe da wuri ba.

Kwalkwalin ya karkace gefe ɗaya, gutsuren ƙarshe kuma ya ƙi cike gurbinsa.

Karkacewa tarin ƙananan kurakurai ce. Idan kowace mahaɗa ta goce da rabin milimita, bayan mahaɗa ashirin an sami santimita guda, kuma duk a gutsuren ƙarshe zai bayyana. Abin da ake daidaitawa shi ne layi da layi da kuma kusurwa da kusurwa, saboda haka ka fara kama ƙarshen bakin biyu, tsakiya za ta bi. Kada ka gama gefen dama gaba ɗaya sannan ka koma hagu. Ka fara daga tsakiyar kai ko daga fuska, ka sa gutsure ɗaya a dama, ka sa takwaransa a hagu, kana yi kana ɗaga hular kana dubanta ta gaba. Ka bar gutsuren ƙarshe ya faɗo a wurin da hannu ke kaiwa ta ciki, wato kusa da baki ko a ƙeya.

Idan an riga an gama kuma karkacewar kaɗan ce, a yanka kwali daidai faɗin da ake so a tokare cikin hular da shi, daga kunne zuwa kunne da kuma daga goshi zuwa ƙeya, a bar tokaran a ciki har a gama ƙarfafawa. Wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba, domin duk siffar da hula take da ita a lokacin da aka shafa mata abin ƙarfafawa, a haka za ta daskare.

Gutsure ɗaya ya ɓace.

Ka sake buga shafinsa a girman da aka buga na farko, ko ka ɗauki takwaransa na ɗaya gefen ka kifa shi a kan kati ka zana. Domin kada ya sake faruwa, ka rubuta lambar shafi a bayan kowane gutsure, kuma kada ka yanka fiye da abin da za ka manna a wannan zama, musamman idan a tsakar gida kake aiki inda iska da awaki ke wucewa.

Ta yaya zan sa takardar ta yi tauri?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda ake nunawa a yawancin bidiyon intanet, wato rezin, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa idan aka ɗiga masa ruwan daskarwa, da kuma zaren gilashi, waɗanda ake samu a wajen masu sayar da kayan gyaran jikin mota a Kano. Ana shafa rezin siriri a waje, sashe bayan sashe domin nauyinsa kada ya durƙusar da takardar, idan ya daskare sai a shimfiɗa zaren gilashin a ciki a jiƙa shi da rezin. Yana ba da tauri sosai, amma ina faɗa da babbar murya cewa aikin manya ne. Warinsa yana cutar da ƙirji, ruwan da ke daskarar da shi yana ƙona fata kuma yana iya lalata ido, ƙurar zaren gilashi kuma tana shiga huhu. Sai a fili ake yinsa, da safar hannu ta roba da tabarau da takunkumin da aka yi domin masu feshin fenti, nesa da murhu da yara da dabbobi. Bayan an gama sai hular ta sha iska kwanaki har warin ya fita sarai, kuma a rufe cikinta da ƙyalle ko soso kafin ta taɓa fatar kowa.

Ta biyun ita nake bi da ɗalibaina, kuma ga wasan makaranta ko tashen azumi ta wadatar. A surka farin gam da ruwa kaɗan, a shafa siriri a waje, a bari ya bushe sarai, a shafa a ciki, a maimaita sau uku. Daga nan a yayyanka tsohuwar atamfa ko jarida tsiri-tsiri, a tsoma a gam, a tatse da yatsu biyu, a jera a ciki, shimfiɗa ta biyu ta gitta ta farko. Atamfar ta fi jarida ƙarfi nesa ba kusa ba, shimfiɗa biyu zuwa uku sun isa. Sirrin duka yana wajen bushewa: a inuwa mai iska, shimfiɗa ɗaya a kowane wuni, hular tana kife a kan ƙwarya ko tulu. Wanda ya kai ta rana domin sauri zai tarar gefen da rana ta buga ya riga ɗayan bushewa ya janye siffar.

Rezin ɗina ya daskare a cikin gwangwani tun ban gama ba, na abokina kuma kwana biyu yana danƙo.

Duka biyun daga awon ruwan daskarwa ne da kuma yanayi. Abin da aka saba shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na yawan rezin, amma a bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Zafi yana gaggauta shi, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin nan ke haura digiri 40, sai a tsaya a ƙaramin awon, a dama kaɗan kaɗan, a yi aikin da sassafe. Rezin da aka tara da yawa a mazubi ɗaya yana ɗaukar zafi da kansa ya ƙara saurin daskarewa. Wanda ya ƙi bushewa kuwa ruwan ne ya yi kaɗan ko ba a gauraya sosai ba, kuma sau da yawa sabon shafi siriri da aka auna daidai yakan gyara shi. Kada rezin ya taɓa farin soson nan da ake tallafe kayan lantarki da shi a kwali, domin narkar da shi yake yi.

Kusurwoyin takardar suna nan a fili. Yaya zan sami sulɓi, kuma me ya sa fentina ya yi ƙuraje?

Masu rezin suna amfani da filar da ake cike lotsewar mota da ita. Mu kuwa muna kwaɓa lallausan garin katako da farin gam, kamar yadda kafintoci ke cike rami, mu shafa da guntun roba mai laushi. A shafa siriri, a bari ya bushe, a goge da sanfefa mai kaushi kamar lamba 80, a ƙara wani shafin, a ƙarasa da 120 sannan 220. Shafi mai kauri yana tsagewa kuma yana ƙara nauyin da wuyan yaro zai ɗauka. Ni dai a ganina ba kowace hula ce ke bukatar wannan wahala ba, domin daga inda 'yan kallo ke zama kusurwoyin nan sukan yi kama da ƙarfen da maƙeri ya buga.

Ƙurajen fenti kuwa ƙura ce ko kusanci. A goge hular da ɗanyen ƙyalle a bari ta bushe, a riƙe gwangwanin feshi da tazarar santimita 20 zuwa 30, a fesa siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya. A ranar da hazo ya sauko a haƙura da fenti, ko a yayyafa ruwa a ƙasa a kife babban kwali a kan hular tana bushewa. Domin kamannin ƙarfe, a yi mata baƙin fenti, a goga bakin fensir a sanfefa a tara garinsa, a murza shi a jiki da ƙyalle mai laushi har ya yi ƙyalli.

Yarona yana cewa ba ya gani sosai, kuma zafi yana damunsa a ciki.

Hajiya, wannan ƙorafi a ɗauke shi da gaske, a cire masa hular nan take. Ramin ido a buɗe shi fiye da yadda zanen ya nuna, har yaro ya iya ganin ƙafafunsa ba tare da ya sunkuya ba. Idan ana son rufe ramin, baƙin ragar sauro ya fi robar gorar lemo, domin iska tana ratsa shi kuma numfashi ba ya sa shi hazo. A huda ƙananan ramuka a ƙarƙashin hanci da bayan kunnuwa da tsakiyar kai. Soso kuma a liƙa shi gutsure huɗu, a goshi da ƙeya da gefe biyu, domin iska ta sami hanyar wucewa tsakaninsu. A lokacin bazara ba na barin ɗalibi ya wuce minti goma da hula mai rufe fuska, ana sa ta ne daf da shiga fili a cire da an fito.

Takobina yana lanƙwashewa.

Dogon abu siriri yana bukatar ƙashi a ciki. Karan dawa busasshe mai miƙewa ko siririn reshen gora ya isa, a sa shi tun daga ƙota har kusa da tsini kafin a rufe gutsuren ƙarshe, a bar tsinin kansa takarda zalla domin kada ya soki wani. Kada a sa ƙarfe. Ina kuma roƙon iyaye da malamai, saboda halin tsaron da ake ciki, kada a haɗa abin da ya yi kama da bindiga ta gaske, takobi da mashi ma a ɗauke su a cikin buhu zuwa wurin wasa, kuma kada yaro ya fita hanya da fuska a rufe, balle da dare.

Tunda ya yi tauri, zan iya hawa babur da shi?

A'a. Hular kwano ta babur tana da soso na musamman a ciki wanda ke shanye ƙarfin bugu, wannan kuwa ba ta da shi ko an shafa mata rezin, kuma idan ta fashe gutsattsarinta na iya yankar fuska.

A ina zan ajiye shi har wata shekara?

Kada a ajiye shi a ƙasa ko a jingine da bangon ƙasa, domin gara takan gama da shi cikin 'yan kwanaki, kada kuma a kusa da rufin kwano inda zafi ke sassauta gam. A bari gumin da ke ciki ya bushe tukuna, a cusa jarida a dunƙule domin siffar ta tsaya, a sa a babbar leda a ɗaure bakinta, a rataye da igiya a tsakiyar ɗaki. A cikin damina a riƙa buɗewa sau ɗaya a wata ana duba funfuna. Zanen da aka buga shi ma a adana shi a filash ko a waya, tare da rubuta adadin kashin da aka buga shi da awon kan wanda aka yi wa, domin kan yaro yana ƙaruwa, kuma baɗi daga wannan adadin za a fara sabon lissafi.